Yadda zaka saita fayawol na kyauta idan kana sauke fayil ta torrent

Da yawa suna zaton da zarar sun saka fayawol shikenan babu mai ganinsu a torrent (hanyar da mutane ke sauke fayil kai tsaye daga kwamfutocin juna), wallahi ba haka bane. Duk wanda kuke sauke fayil ɗaya dashi yana ganin lambar IP ɗinka, wato adireshinka a intanet, haka tsarin yake aiki, fayawol kawai yana tsare wace manhaja ce zata shiga intanet da wacce bazata shiga ba.

Idan Windows kake amfani dashi kar ka kashe fayawol ɗin da yazo dashi. Ka ƙara TinyWall ko simplewall, duka kyauta ne kuma basu da nauyi. Ni nafi son TinyWall saboda yana toshe komai tun farko baya damunka da tambayoyi, kai ne zaka zaɓi qBittorrent (manhajar sauke torrent) da burauzarka ka basu izini, sauran su zauna a rufe. Masu son fayawol ɗin Comodo suna yabonsa amma saitinsa yana da yawa, sabon shiga zai ruɗe.

PeerBlock kuma, manhajar toshe adireshin IP da wasu ke ta yabo, jerin adireshin da yake toshewa basa hana a ganka, kar ka dogara dashi.

Abinda ke ɓoye IP shine VPN, manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata kwamfutar daban, sai a ga IP ɗinta ba naka ba. Bayan ka kunna, shiga qBittorrent, Options, Advanced, wajen Network interface ka zaɓi na VPN ɗin, ta yadda idan VPN ɗin ya yanke saukewa zata tsaya nan take. Sannan ka kashe UPnP (saitin da ke barin manhajoji su buɗe wa kansu ƙofa) a rauta, wato na'urar da ke raba maka intanet, in baka buƙatarsa.