Darasi na Bakwai: Ƙwan Lantarki da Kuɗin Mita

Duk wanda ya taɓa kwance ƙwan lantarki irin na da, mai siririyar waya a ciki, ya san sai an sa tsumma ake iya kama shi saboda zafi. Wannan zafin da kuɗinku kuka saye shi. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da irin wannan ƙwai yake ja zafi take komawa, ɗan abin da ya rage shi ne haske. A watan Afrilu, lokacin da ake fama da zafi a Zariya, shi ma yana ƙara wa ɗaki nasa.

Ku ɗauki kwalin ƙwai ku duba. Za ku ga lamba da harafin W a gefenta, kamar 60W ko 9W. Ana karanta shi wat, ma'aunin wutar da ƙwan yake sha ke nan. Akwai wata lamba kuma mai lm a gefe, ita ce ke nuna yawan haske. Tsohon ƙwai mai 60W yana ba da haske wajen 800lm. Ƙwan zamani da ake kira LED, mai 9W, kusan hasken nan yake bayarwa.

Yanzu a ɗauko biro a yi lissafi. Yunit ɗaya da ake saya wa mita mai kati daidai yake da wat 1,000 na tsawon awa guda. A ce gida a Tudun Wada yana da ƙwai biyar: zaure, tsakar gida, ɗakuna biyu da kicin. Kowanne yana kwashe awa shida a kunne kullum. Idan masu 60W ne, 5 × 60 × 6 ya ba da 1,800, wato yunit 1.8 a rana. A kwana 30 yunit 54 ke nan. Idan masu 9W ne, 5 × 9 × 6 ya ba da 270, wato yunit 8 da ɗan ɗoriya a wata. Yunit kusan 46 sun tsira, kuma babu wanda ya kwana cikin duhu. Ku duba rasit ɗinku na Kaduna Electric ku ga nawa ake sayar muku da yunit, ku ninka da 46. A Afrilun 2024 an kai kuɗin yunit na rukunin A, wato waɗanda aka ware wa wutar awa 20 ko fiye a rana, naira 225, don haka maganar ta wuce a yi mata riƙon sakainar kashi.

Gaskiya ne LED ya fi tsada a kanti. Amma tsohon ƙwai wajen awa 1,000 yake yi ya ƙone, shi kuwa LED mai kyau yana ninka haka sau da yawa. Wanda ba shi da mita, ana kawo masa bil na ƙiyasi, ba lallai ya ga sauƙin a takarda ba. A batirin sola da man janareta zai gani.

Inda aka fi cutuwa shi ne wajen saye, domin jabu ya yi yawa. In kun shiga kasuwar Sabon Gari, kada arha ta ruɗe ku. Ku ce wa mai kanti: "Alhaji, a gwada mini shi a nan." Ku tambaye shi ko zai canza in ya mutu da wuri. Ku tafi da tsohon ƙwan a aljihu, saboda gindin iri biyu ne: akwai wanda ake murɗawa, akwai mai 'yan kunnuwa biyu da ake turawa a juya.

Akwai kuma farin ƙwan nan mai lanƙwasasshen gilashi da aka yi yayinsa kafin LED. Yana da sinadarin makuri a ciki, mai illa ga lafiya. In ya fashe, a buɗe taga, a fitar da yara, a kwashe gilashin da kwali, kada a sa hannu.

Aikin gida: ku ƙirga ƙwayayen gidanku, ku rubuta wat ɗin kowanne da awoyin da yake yi a kunne. Wanda yake kwana a kunne, kamar na ƙofar gida, ku ja masa layi, da shi za a fara canji. Ku zo da takardar aji na gaba mu yi lissafin tare.