Yadda ake sayen hatsi da kaka a ci shi har damina

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowace tiya ta gero. Mu a Zamfara kuma ga ƙari: gonakin daji da yawa ba sa nomuwa, wasu ma sai an biya 'yan bindiga kafin a girbe. Waɗannan sun fi ƙarfin magidanci. Abin da ke hannunsa shi ne lokacin da zai yi awo.

Gero yana shigowa kasuwa tun Satumba, dawa da wake sai Nuwamba zuwa Disamba. A nan ake saye. Wanda ya bari sai Yuli, rumbuna sun yi ƙasa, ya sayi tsada da hannunsa. In albashi ba zai ɗauki buhu ba, ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku tura mutum ɗaya da ya san hatsi kasuwar Talata Mafara, kuɗin mota ɗaya ke nan. Kada ya yarda da bakin buhu, a zazzage a auna a gabansa.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne shanya, ni ma nan na faɗi. Wata shekara na sayi buhun wake, mai shi ya rantse ya bushe, na ɗaure na jingine a ɗaki. Wata uku uwargida ta kwance, sai ɗumi da warin ruma suka buge ta, wake duk huji, gari na zuba ta ƙasa. Awaki suka ci rabi.

Don haka ko an ce maka ya bushe, shanya shi kwana biyu ko uku a kan leda ko tabarma, ban da ƙasa tsirara. Ciji ƙwara ɗaya: in ta fashe ƙas, ta yi, in haƙori ya nutse, da saura. Ni gwajin gishiri na fi amincewa da shi. Zuba hatsi kaɗan da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, rufe, girgiza, bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, mayar da hatsin rana. Kuma kada ka ɗure shi da zafinsa, bari ya huce a inuwa, in ba haka ba zai yi gumi a ciki.

Sai ajiya. Buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, shi ya fi, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. Ya fi buhun banza kuɗi, amma yana yin shekaru in bai huje ba. Jarka mai murfi ma tana yi, muddin ba ta taɓa ɗaukar fetur ba, a cika ta maƙil. Maganin feshi kuwa kada ya kusanci abin da yara za su ci. Ɗora buhun kan katako, nesa da bango da ɓera, a riƙa ɗibar na wata guda a sake ɗaurewa nan take.