Yadda Ake Tara Tsofaffin Jiragen Ƙasa na LEGO a Kano

Wanda ya tashi yana ƙera motar kara ko ta langa-langa ba zai sha wahalar gane daɗin wannan harka ba. Sai dai a Kano da wuya ka tarar da tsohon jirgin LEGO, wato jirgin wasa da ake harhaɗawa da ƙananan bulon roba, cikakke a kwalinsa. Gutsi-gutsi ake tara shi.

Da farko ka san zamanin jirgi, kuma layin dogonsa ne zai gaya maka. Kamfanin LEGO na garin Billund a Denmark ya fito da jirgi mai batir na volt 4.5 a 1966, dogonsa shuɗi. A 1969 aka kawo mai volt 12, wanda ke jan wuta daga wasu ƙarafa biyu da ake shimfiɗawa a tsakiyar layi. Daga 1980 dogon ya koma ruwan toka, kuma a ganina nan ne harkar ta fi armashi: fitilar ba da hannu, shingen mararraba, wurin canza layi, duk daga zaune kake sarrafa su. Jirgin fasinja mai lamba 7740, ja da rawaya, na wannan zamani ne. A 1991 aka shigo da mai volt 9, wanda aka lulluɓe saman dogonsa da ƙarfe, irin su Metroliner mai lamba 4558. Faɗin layin bai canza ba, don haka tsohon tarago zai gudu a kan sabon dogo.

Sai fita nema. Ka zagaya wajen masu kayan wasan yara na gwanjo a Ƙofar Wambai da Sabon Gari. Kar ka tsaya kan abin da aka baje a tebur, ka ce, "Alhaji, a zazzage mini buhun nan in duba." Tayoyin jirgi kake nema, da maganaɗisun da ke haɗa tarago da tarago, da gilasan taga, da guntayen dogo. In ka ci karo da injin da ke ƙarƙashin kan jirgi, to kakarka ta yanke saƙa, amma kar fuskarka ta nuna, in ba haka ba kuɗin zai ninka. Ka bar wa mai kayan lambarka, ya kira ka ranar da aka fasa sabuwar dila.

Kafin ka biya, kai bulo kusa da ido. Na asali yana da sunan LEGO a kan kowane ɗan kai da ke samansa, kuma in ka haɗa biyu sukan kama tsam. Jabu ya cika kasuwa. Buɗe gidan batir ka duba ko tsohon batir ya zubo ya ci ƙarfen. In farin garin kaɗan ne, auduga da ruwan lemon tsami za su fitar da shi.

Abin da ya ɓace kuwa, lambar jirgin za ta kai ka gare shi. Sa ta a BrickLink, shafin intanet na cinikin kayan LEGO, za ka ga jerin kowane gutsure da farashinsa.

Wanki da sabulu mara ƙarfi da tsohon buroshin haƙori, ruwan kar ya wuce digiri 40. Inji da waya da duk bulo mai sitika ba sa shiga ruwa. A inuwa za ka shanya, domin rana tana mayar da fari da ruwan toka da shuɗi su yi rawaya-rawaya, ranar Kano ta watan Afrilu kuwa ba a magana. Lokacin hunturu ƙura kan shiga inji ta kwanta a kan dogo har jirgi ya riƙa tsayawa, don haka kabad mai gilashi ko robar abinci mai murfi ta fi barinsa a fili.

Wajen kunnawa ake yin asara. Karanta rubutun jikin taransifomar jirgin tukuna, wato ɗan akwatin da ke rage ƙarfin wutar gida kafin ta kai ga jirgi. Wadda ta zo daga Turai ta volt 220 ce, ta dace da wutarmu. Ta Amurka kuwa 120 ce, in ka cusa ta a soket kai tsaye ta ƙone ke nan. Ka haɗa da sitabilaiza, kuma ka zare filogi da zarar an ɗauke wuta.