Yadda za ka feɗe babbar lamba ba tare da kalkuleta ba: mu gwada da 720720

Idan aka ajiye maka doguwar lamba kar ka tsorata, ita ma kamar rago ce, gaɓa-gaɓa ake bin ta. Mu ɗauki 720720.

Fara duba wutsiyarta. Ta ƙare da sifili, ke nan cika ce ba mara ba, kuma 2 da 5 da 10 duk suna raba ta. Sai ka tara lambobin cikinta, 7+2+0+7+2+0 ya ba ka 18, tunda 9 na shiga 18 daidai to 3 da 9 ma sun shiga. Na 16 kuwa lambobi huɗun ƙarshe kawai ake kallo, 0720, wato 16 sau 45.

Inda abin ke burge ni shi ne 7 da 11 da 13, don su ne ke wahalar da yara a jarrabawa alhali dabara ɗaya ce ke kama su duka ukun. Yanka lambar uku-uku daga dama ka cire ɗaya daga ɗaya, 720 a cire 720 saura sifili, shi ke nan duka sun shiga. Dalili kuwa 7 sau 11 sau 13 shi ne 1001, kuma duk lamba mai harafi uku da ka rubuta sau biyu a jere, ko 358358 ce, ninkinta ka yi da 1001 ko ba ka sani ba.

Yanzu sai fiɗa. Raba da 16 ka samu 45045, da 9 ka samu 5005, da 5 ka samu 1001. To ga kayan cikinta nan: 2 ta fito sau huɗu, 3 ta fito sau biyu, sai 5, 7, 11, 13 kowacce sau ɗaya. Waɗannan su ne firam, ba mai raba su sai 1 da su kansu.

Don sanin yawan masu raba ta, ƙara ɗaya kan yawan fitowar kowace firam sannan ka ninka: 5×3×2×2×2×2, 240 cif. Ba wata lamba ƙasa da ita da ke da masu rabawa haka, irin lambobin da masanin lissafi Ramanujan ɗan Indiya ya yi nazari a kansu ke nan a 1915. Kuma tunda 5 sau ɗaya ta fito, ba sikwaya ba ce (wato lambar da ake samu idan aka ninka wata lamba da ita kanta), kar ma ka ɓata lokacinka.

In kuɗi ne, naira 720,720 za ta rabu daidai tsakanin mutum biyu har zuwa goma sha shida ba rigimar canji. Amma da na sha bakwai ya shigo sai kowa ya tashi da 42,395, naira biyar ta yi saura a faifai.