Matakan gayyar gyaran maƙabartar Zariya Road a Jos

Da farko a nemi izinin kwamitin maƙabarta, sannan liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Safiyar Asabar ta fi, kafin hadari ya haɗu.

Kowa ya zo da fartanya ko manjagara, da takalmin roba saboda macizai. A shiga da sallama.

A nome hanyoyi, a kwashe ledoji. Ban da cinna wuta, ban da taka kabari.

Babban aikin shi ne kaburburan da damina ta zabtare. A kawo jar ƙasa a baro, a cike a hankali, a daddaɓe da hannu har tudun ya kai taƙi ɗaya. In ƙashi ya bayyana, matasa su dakata, a kira dattawa su rufe.