Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Cire Silin da Rufin Asbestos

Na gaji da shiga tsofaffin gidajen da ake gyarawa ina tarar da matasan kafintoci da leburori sun yi fari fat tun daga gira har tafin ƙafa, suna dariya suna cewa ai ƙurar silin ce kawai, wanka zai raba su da ita. Da yawa daga cikin gidajen ma'aikata, makarantu da ofisoshin da aka gina daga shekarun 1960 zuwa na 1990 a Kano, Kaduna, Zariya da sauran garuruwanmu, da allunan siminti mai haɗe da asbestos, wani ma'adini mai siraran zaruruwa, aka yi musu silin, wasu har da rufi, kuma yanzu ne ake ta ɓalle su ana maye gurbinsu da POP ko PVC.

Irin wannan allo kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari nasa asbestos ne, sauran siminti ne da ya riƙe shi gam. Muddin allon yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Da zarar an fasa shi, ko an yanka, ko an kankare, sai ya saki zaruruwan da ido ba ya gani, waɗanda kan yi sa'o'i suna yawo a iska, idan kuma suka shiga huhu wasunsu sun zauna ke nan har ƙarshen rai. Su ke jawo ƙandarewar huhu, da ciwon dajin huhu, da wani ciwon daji na tantanin da ya lulluɓe huhu da ake kira mesoteliyoma, kuma galibi sai bayan shekara 20 zuwa 40 cutar ke bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008.

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin a ɗauki guduma, wato cire abin da bai kamata a taɓa ba. Silin da bai fashe ba, bai ji yoyo ba, ya fi zama lafiya a inda yake a shafa masa fenti. A kasuwa kuma duk wani allon siminti asbestos ake kiransa, har da sababbin da babu shi a ciki, kuma ido ba ya bambance su, sai ɗakin gwaji. Ɗabi'ata ita ce duk allon da na tarar a tsohon gini nakan ɗauka yana da shi.

Babban kuskure, wanda ni kaina na tafka, shi ne fasa allo a bushe. A farkon shigata kwangila na karɓi aikin sauya silin a wani gida mai ɗaki huɗu, iyalin suna ciki, an dai tura kaya gefe an lulluɓe da zannuwa. Da yake na yi alkawarin gamawa cikin kwana uku, sai na bai wa yara biyu dogayen katakai na ce su soke allunan daga ƙasa. Suka yi ta sukar silin yana zubowa gutsure-gutsure, ɗakin ya turnuƙe, ɗayansu ma ya kunna fanka wai ta kore ƙurar, ni kuma ina bakin ƙofa ina yaba musu sauri. Da yamma na ga ƙaramar 'yar maigidan zaune a kan darduma tana zana gida da yatsa a cikin farar ƙurar. A lokacin ban ga komai a ciki ba. Sai da wani ɗan'uwan maigidan, injiniya ne da ya yi aiki a ƙasar waje, ya zo washegari ya tsayar da aikin, ya yi mini wankin babban bargo a gaban yarana. Katifu, labule da dardumomin gidan duka aka zubar, ni na biya, ribar aikin da wani abu daga uwar kuɗin suka tafi. Kuɗin na daɗe da mayarwa. Yarinyar nan da yaran nan biyu ne ke dawo mini a rai duk lokacin da na ji wani yana tari mai tsawo.

Tun daga ranar ba na fara aiki sai an kwashe mutane da kaya kaf daga ɗakin. Nakan kashe wutar gidan daga babban makunni, saboda za a zuba ruwa kusa da wayoyi, in shimfiɗa leda mai kauri, kamar maikiron 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, a ƙasa har ta hau bango, in toshe ƙofofin da ke shiga sauran ɗakuna da leda da salatif. Sannan in cika famfon feshi irin na manoma da ruwa, in ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan domin ruwan ya kama jikin allon, a fesa a hankali har ya jiƙu. Siraran katakan da suka rufe gaɓoɓi ake fara cirewa, sai a bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya ana fesa ruwa a gindin kowace, mutum biyu su tallabo allon su sauko da shi ɗungurungum. Wanda ya tsage a hannu a ƙara jiƙa bakin tsagar nan take. Aikin yini ɗaya yakan koma yini uku, kuma nakan faɗa wa mai gida haka tun wajen ciniki. Wanda ya ce ba zai iya jira ba, ya nemi wani.

Wanda ya fi guduma sharri shi ne injin. Injin yanka mai faifai, injin huda, takardar goge katako, da injin wanki mai ƙarfin feshi da wasu ke wanke tsohon rufi da shi, duk suna niƙe simintin su watsa zaruruwan. Ban yarda ko ɗaya ya kusanci allon asbestos a wurin aikina ba.

Sai batun takunkumi, wanda a nan ne raina ke ɓaci sosai. Kai da ka naɗe hanci da rawani ko tsohuwar singileti, ko ka rataya shuɗin takunkumin asibiti da ya rage tun zamanin korona, wa kake yaudara? Zaren da ido ba ya gani ta cikin saƙar yadi yake wucewa, ya kuma bi ta gefen kumatu. Abin da ake buƙata shi ne takunkumi mai lambar FFP3, ko na roba mai matatar P3 ko P100, kuma dole ya manne da fuska. Mai cikakken gemu ba zai samu wannan mannewar ba, don haka nakan ba shi wani aikin a waje maimakon in yi jayayya da shi a kan gemunsa. Gwangwanin madarar da ake sha bayan aiki wai ta wanke ƙirji kuwa, ciki take tafiya, ƙurar tana huhu, ba su ma haɗu a hanya ba. Wanda kuma ya fito ya kunna sigari ya san cewa taba da asbestos idan suka haɗu ninka haɗarin ciwon dajin huhu suke yi.

Tsintsiya ita ce ke lalata aikin da aka fara da kyau. An sauke alluna lafiya, sai yaro ya ɗauko ta ya tayar da duk abin da ya kwanta. Da jiƙaƙƙen tsumma ake goge katakai, bango da ƙasa, a jefa tsumman cikin shara ba tare da an wanke shi ba, sannan a naɗe ledar ƙasa ta ciki. Injin zuƙe ƙura na gida ba ya riƙe zaruruwan, ta baya yake feso su. Sai mai daraja ta H, wanda aka yi don ƙura mai haɗari, da matatar HEPA mai kama ƙura mafi ƙanƙanta, idan babu shi tsumma ya wadatar.

Kada a tafi gida da kayan aiki. A ƙasashen da aka daɗe ana bin diddigin cutar an samu matan da ba su taɓa shiga masana'anta ba sun kamu da mesoteliyoma saboda kakkaɓewa da wankin tufafin mazajensu. Riga mai haɗe da wando da hula, irin ta sawa ɗaya a yar, ita nake saya wa kowa. A fesa mata ruwa, a tuɓe ta ana juyo cikinta waje, a goge takalmin roba, takunkumi kuma shi ne na ƙarshen cirewa. Ci da sha a cikin ɗakin aiki babu su.

A kan rufi ana ƙara kuskure biyu. Tsohon rufin asbestos ba ya ɗaukar nauyin mutum, yakan burme ba tare da gargaɗi ba, musamman idan an jiƙa shi ya yi santsi, don haka sai an gitta faffaɗan katako a kan ginshiƙai, ko a kwance ƙusoshin daga ƙasa. Jefo allo daga sama kuma daidai yake da fasa shi da guduma. Da igiya ake sauke shi. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa nakan ɗage aikin, domin ƙurar gidan maƙwabta za ta faɗa.

Asbestos ɗin da aka naɗe tukunyar tururi da bututun zafi da shi a tsofaffin masana'antu, mai laushi da ke marmashewa a hannu, ya fi ƙarfin kafinta da famfon feshi. Wannan sai ƙwararru masu killace wuri da injin tace iska, kuma ko nawa aka saka mini ba na karɓarsa.

Daga ƙarshe sai sharar, wadda ake bari a ƙofar gida kowa ya ɗiba. Wani ya cike ramin titi da ita motoci su yi ta niƙawa, wata ta rufe akurkin kaji, yara su jefa gutsure a wuta don su ji ƙarar fashewarsa. Alluna tun suna jiƙe ake naɗe su da leda ninki biyu, a liƙe, a rubuta gargaɗi a jiki da Hausa da Turanci, ƙananan gutsattsari kuma a sa su a buhun leda cikin wani buhun. Kafin ranar aiki nakan tuntuɓi hukumar kula da muhalli ta jiha ko ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, domin a nuna mini inda za a binne, ba a ƙonawa. Nakan kuma bi motar da kaina har bakin ramin in tsaya a rufe shi da ƙasa a gabana, saboda na taɓa sallamar direba da kaya a naɗe, bayan mako guda na ga allunan a jingine a bakin hanya ana sayarwa.