Kurakuran masu sassaƙa fukafukan injin iska

Yawancin ƙananan injinan iska da matasa ke haɗawa don cajin batir, fukafukai ne ke ba su kunya. A yanko katako uku, a karkata su, a ɗaure a jikin faifai, in wuta ba ta zo ba a ɗora wa iska laifi.

Babbar ɓarnar ita ce fiffike miƙaƙƙe marar murɗi. Tsinin fiffike ya fi gindinsa gudu nesa ba kusa ba, saboda haka kowane ɓangare da kusurwar da ta dace da shi. A inji mai fukafukai uku, ana so gudun tsini ya ninka na iska kamar sau 6. Idan aka auna daga layin juyawa, wato shafin da'irar da fukafukan ke zanawa, kusurwar kusan digiri 17 ce a kwatan tsawon fiffike daga gindi, tana raguwa har ta koma digiri 1 ko 2 a tsini. Wanda ya ba fiffike digiri 20 tun daga gindi har tsini, injinsa zai tashi da wuri ya burge 'yan kallo, amma da gudu ya fara hawa sai tsinin ya zama birki. Haba malam, fiffiken jirgin sama kake sassaƙawa, ba farfelar fanka ba! Fiffike fuska biyu gare shi: shafaffiyar ce ke kallon iska, mai doron tana baya. Wasu baibai suke ɗaurawa. Wuri mafi kauri ya kasance a kashi 30 cikin 100 na faɗi daga bakin gaba, wato gefen da ke yanka iska, kaurin wajen tsini kamar kashi 12 na faɗin, bakin baya kuma a ci shi da samfefa har ya dawo ƙasa da milimita 1.

Na biyu, sassaƙa fukafukai ba tare da sanin janareton da za su ja ba. Injin da faɗin da'irarsa mita 2.4 ne, a iskar mita 5 a daƙiƙa, juyi kusan 240 yake yi a minti. Altanetar mota kuwa sai ta kai wajen 1,000 kafin ta fara caji. Ina za su haɗu? Akasin haka ma matsala ce: janareton da ke kama caji tun gudu bai yi nisa ba yana danne fukafukan, su yi ta jan jiki ko da iska na kaɗawa sosai. Ni dai shawarata, a fara juya janareton a kan benci, a auna juyin da yake kai ƙarfin batir, sannan a yanke tsawon fiffike.

Kada kuma a ruɗe ka da alƙaluma. Wutar da ke cikin iskar mita 5 a daƙiƙa da ke ratsa waccan da'ira ta mita 2.4 kusan wat 340 ce. Lissafin Bajamushe Albert Betz ya nuna ba injin da zai kwashi fiye da kashi 59 cikin 100, na gareji in ya ba ka wat 100 ka gode Allah.

Ƙara yawan fukafukai na injin jan ruwa ne, gudu yake ragewa. Fiffiken da aka yanka daga bututun roba, rana na busar da shi ya tsage. Ƙurar hunturu na cinye bakin gaba, a liƙa masa tef mai kauri daga rabi zuwa tsini. Kada a bar inji yana juyi babu batir a jikinsa, ko babu wutsiyar da ke kau da shi daga guguwar farkon damina. Kafin a ɗaga shi sama, a auna tazarar tsini da tsini, uku ɗin su zo daidai, a sa dalma a gefen da ba shi da nauyi har ya tsaya duk inda aka bar shi, in ba haka ba jijjiga za ta kashe boris.